Doguwar bishiya a ƙaramin fili: oak ta Turai, maskared, turare ko dabino?

Ƙanena ya gama gini bara a Zariya, a fili mai ƙafa 50 da 50. Bayan an fitar da ɗakuna da falo da wurin ajiye mota, abin da ya rage tsakanin ginin da katangar yamma bai fi ƙafa 7 ba. A bayan katangar kuwa maƙwabci ya ɗora bene, tagoginsa na kallon tsakar gida kai tsaye, har iyali ba sa sakewa su yi shanya ko su zauna shan iska. Sai ya turo mini hoton wata bishiya da ya gani a Jamus lokacin da ya je kwas, doguwa siririya, rassanta duk sun miƙe sama sun manne da jikinta kamar an ɗaure tsintsiya an kafa ta a tsaye. Ya ce, "Yaya, irin wannan nake so. A ina zan samu irinta?"

Matsalarsa ta mutane da yawa ce yanzu. Filaye sun tsuke, benaye sun yawaita, tsamiya da ɗorawa da iyayenmu suka zauna a gindinsu ba su da wuri a gidan bulo. Kowa na neman bishiyar da za ta yi sama ba tare da ta yi faɗi ba. Shi ya sa na ga ya kamata in baje amsar da na ba shi.

Bishiyar da ke hoton oak ce, wadda Larabawa ke kira ballut. Oak ta asali ba siririya ba ce ko kaɗan, idan ta tsufa faɗinta ya kan fi na tsamiya. Wannan mai tsayuwar tsintsiya wani nau'i ne da masana ke kira Quercus robur 'Fastigiata', kuma ana danganta asalinsa ga wata tsohuwar bishiya da ta shekara ɗaruruwa a kusa da ƙauyen Harreshausen, a jihar Hesse ta Jamus. Daga jikinta aka riƙa yankar rassa ana yi musu aure da wasu, kamar yadda muke yi wa mangwaro, har irin ya bazu a Turai. Auren nan ba don ado ake yin sa ba. Idan ka shuka 'ya'yanta, wasu za su gado ta, wasu kuma su koma faɗin kakanninsu, ba za ka gane ba sai bayan shekaru.

To, me zai hana a kawo ta Zariya? Sanyi. Oak ta Turai bishiya ce da aka halitta da barci. Idan kaka ta yi a can, sai ta zubar da ganye, idanun tohonta su rufe, kuma ba sa farkawa yadda ya kamata sai sun sha makonni masu yawa na sanyin da ya kusa daskarar da ruwa. Hunturunmu da muke ƙorafi da shi, da ƙyar daren Kano ko Zariya ke sauka ƙasa da digiri 12. Wannan bai isa ya kwantar da ita ba, balle ya tashe ta. Sai ka haɗa da zafin Afrilu mai kai wa digiri 40, da watanni 6 ko 7 ba ɗigon ruwan sama. Ko 'ya'yanta ma ba sa jure bushewa, idan suka bushe a aljihun matafiyi sun mutu ke nan. A Jos ko Mambila mai sha'awa zai iya gwadawa don nishaɗi, amma ba zan ce wa mai neman suturar iyalinsa ya dogara da gwaji ba.

Akwai kuma abin da hoto ba ya nunawa. Siririyar oak tana kai wa mita 15 zuwa 20 a tsayi, faɗinta kuma mita 3 zuwa 5 idan ta manyanta. Siririya ce kawai idan an kwatanta da 'yan'uwanta. Ƙafa 7 ɗin ƙanena mita 2 ne da 'yan kai, ko a Jamus ɗin ba za ta shiga wurin ba.

Ga 'yan'uwa da ke zaune a Ingila ko Amurka ko Kanada, waɗanda suka sayi gida mai ɗan fili a baya, maganar ta bambanta, don a can oak tana gida ne. Tsohuwar Fastigiata na da kyau, sai dai wata farar cuta mai kama da gari na yawan kama ganyenta, kuma wasu sukan buɗe idan sun tsufa. Nau'in Koster ya fi riƙe tsayuwarsa. A Amurka an haɗa ta da oak ɗin can, aka samu Crimson Spire mai ganyen da ke yin ja a kaka, da Regal Prince, dukansu wajen mita 14 a tsayi, faɗi mita 4 zuwa 5, kuma sun fi jure farar cutar. Mafi siranta a cikin waɗanda na sani ita ce Kindred Spirit, tsayi wajen mita 9, faɗi bai cika wuce mita 2 ba, ita zan zaɓa a ƙaramin fili. Green Pillar kuwa, wata siririyar oak ta Amurka, kada a saka ta a ƙasa mai yawan farar ƙasa, ganyenta zai ɗashe ya koma ruwan ɗorawa. Mai gida a Landan ya ƙara lura: ƙasar wurin laka ce mai tsukewa idan ta bushe, oak kuma mai shan ruwa ce ƙwarai, dasa ta kusa da gini na iya sa harsashi ya zauna bango ya tsage. A tambayi masana gini kafin a haƙa rami.

Mu dawo gida. Bishiyar da ta fi kusa da abin da ke ran ƙanena tana nan a bakin titunan Kaduna da Abuja da Kano, a gaban bankuna da asibitoci da makarantu. Masu sayar da dashe suna ce mata maskared, wato dodo, kuma wanda ya taɓa ganin dogon dodon Nufawa mai mayafi har ƙasa ba zai yi mamakin sunan ba. Masana sun daɗe suna kiranta Polyalthia longifolia. Asalinta kudancin Indiya da Siri Lanka, kuma dangin gwandar daji ce, ko da yake ba a cin 'ya'yanta. Bambancinta da oak a nan yake: rassan oak sama suke miƙewa, nata kuwa ƙasa suke zubowa suna rungume jikinta. Sakamakon dai ɗaya ne, ginshiƙi kore. Tana kai wa mita 10 zuwa 15, faɗinta da wuya ya wuce mita 2, kuma idan tana samun ruwa ba ta tuɓe ganye duk shekara. Sabon ganyenta ya kan fito da launin jan ƙarfe, ya koma kore shar, daga baya ya yi duhu, sai ka ga launi uku a jiki ɗaya.

Wajen sutura ban san wadda ta kai ta ba. Ka jera su a tazarar mita 1.5 zuwa 2, cikin shekara 4 ko 5 sun haura katanga sun rufe tagar bene, ba tare da reshe ɗaya ya leƙa gidan maƙwabci ba. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Na ga zumuncin shekaru ya yi tsami a kan ganyen da ke toshe indararon wani, da reshen da ke goga kwanon wani da dare. Tana kuma tare ƙura, tana rage ƙarar titi.

Amma a san abin da ake saya. Maskared ba bishiyar inuwa ba ce. Da tsakar rana, inuwarta ba za ta ishi akuya ɗaya kwanciya ba. Wanda ke mafarkin shimfiɗa tabarma da azahar ya nemi wata. Inuwarta irin ta giginya ce, na nesa ka sha ta, sai dai a nan ana iya mayar da aibin ya zama amfani. Idan ka jera su a yammacin gida, da la'asar inuwarsu za ta miƙe ta kwanta a kan bangon ɗaki, daidai lokacin da rana ke gasa bulo, zafin da ke hana barci har tsakar dare a watan Afrilu. Filin ƙanena a yamma yake, nan ya yi sa'a. Da a gabas yake, da na ja masa kunne sosai, don hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da iskarsa, doguwar bishiyar da ba ta yi ƙwari ba kuma ita iska ke fara tanƙwarawa.

Babban sharaɗinta shi ne ruwa, kuma a nan ne mutane suke faɗuwa. Bishiyar ƙasar damina mai yawa ce. A Kaduna da Zariya, inda ruwan shekara ke kai wa milimita 1,000 ko fiye, idan ta yi shekara 3 ana ba ta, ta kan riƙe kanta da ɗan taimako. A Kano da Katsina sai an ci gaba da kula. A Maraɗi ko Damagaram, inda ruwan ke tsakanin milimita 400 da 500, ba ta rayuwa sai da tiyo. Yi lissafin da kanka. A ce ka dasa 10, kowace tana shan lita 10 bayan kwana biyu. Lita 50 ke nan kullum, jarka 2. Daga Nuwamba zuwa Mayu kwana 210 ne ko kusa, jarka 420. Mai rijiyar burtsatse ba zai ji komai ba. Wanda ke sayen ruwa a wurin 'yan garuwa kuwa, ya tambayi kansa ko zai ɗore a watan da jarka ke tsada kuma tulun ɗaki ma na jira. Abin da nake ba mutane shawara shi ne su karkatar da ruwan alwala da na ɗauraye kwanuka zuwa gindinsu. Gidan da ake salla sau biyar ba ya rasa abin da zai raya bishiya 3 ko 4. Ruwan wanki mai bilic ko omo da yawa ne kawai za a kauce wa.

Sauran aibobinta ƙanana ne amma gara a sani. Rassanta na sauka har ƙasa, wurin ya yi duhu da sanyi, mata kuma na tsoron maciji da kunama, tsoron da ke da dalili. Maganinsa a aske rassan ƙasa har zuwa gwiwa ko ƙugu, a riƙa share gindin. Idan ta manyanta tana yin 'ya'ya masu baƙi-baƙi, jemagu na son su, su kan ɓata bango da mota na 'yan makonni. Kada kuma a dasa ta ƙarƙashin wayar wuta. Da zarar an sare mata kai, ta rasa tsinin nan da ya sa aka so ta, sai ta fito da kawuna biyu ko uku. Sannan akwai mai faɗi a cikin danginta, rassanta a miƙe gefe. A wurin mai dashe ka duba da kyau, ka ɗauki wadda ƙananan rassanta suka riga suka fara sunkuyawa.

Na biyu da kowa ke kawowa shi ne turare. A gani na, a nan ne aka fi yin kuskure. Turare ɗan Ostareliya ne, kuma ya yi mana aiki: shi aka jera a shingayen kare iska a wajen Dambatta, shi ne ya cika dajin Afaka kusa da Kaduna. Saurin girmansa na da ban mamaki, yana jure fari fiye da maskared nesa ba kusa ba, awaki ba su damu da shi ba, idan ka sare shi ya sake tohowa, kuma sandunansa kuɗi ne a wurin magina da masu rumfa. Yana ƙarami, siriri ne miƙaƙƙe, shi ya sa mai gida ke ruɗuwa. Bayan shekara 10 ya wuce mita 20, ƙasansa ya zama sanda tsirara, ganyen duk yana can sama. Ma'ana daidai tsayin tagar benen da kake son rufewa, babu komai sai kututture. Saiwarsa na bin danshi duk inda yake, ta shiga sokawe, ta shiga bututu, ta ɗaga daɓe. Ba abin kirki da ke tsirowa a gindinsa. Mafi muni, yana da halin sakin babban reshe ba gargaɗi, ko iska ba ta kaɗawa. A gona, a iyakar makaranta mai faɗi, a filin da ka killace ba ka tashi gini ba, turare aboki ne. A ƙafa 7 tsakanin ɗakin yara da katanga, ban yarda ba, ko kyauta aka ba ka.

Dabino kuwa zuciyata na wurinsa, ba zan ɓoye ba. Shi ne dogon da Alƙur'ani ya ambata a Suratu Ƙaf, dabinai masu tsayi da 'ya'ya jere. Zafi ba ya damunsa, ƙasa mai gishiri-gishiri ba ta kashe shi, kuma saiwarsa siraran zaruruwa ne da ba sa kumbura, don haka ba ya fasa gini yadda masu kaurin saiwa ke yi. Wanda ya je Dutse ya san yadda yake yi a ƙasarmu, a can ne ma cibiyar binciken dabino take. Ga hadisin da ya ce duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga dashen Musulmi sadaka ne gare shi, maskared kuwa jemage kaɗai take ciyarwa.

Sai dai dabino ba ya zama siriri sai ya tsufa. Shekarunsa na farko a ƙasa yake zaune, ya baje ganye mai tsawon mita 3 ko fiye ta kowane gefe, gindin kowane ganye da ƙayoyi kamar basilla. A lungun da yara ke gudu, wannan haɗari ne ga ido. Idan kuma ya yi tsawo, ya koma irin matsalar turare: kai a sama, tsakiya fayau, bai rufe komai ba. Ga batun jinsi. Dabino akwai namiji akwai mace, idan ka shuka ƙwallo kusan rabi maza za su fito, ba za ka sani ba sai ya yi fure bayan shekaru. Mai son 'ya'ya ya nemi ɗan da aka ɓamɓaro daga gindin uwar da aka san daɗinta, kuma ya san sai an yi mata barbara da furen namiji. Ranar da za a hau shi kuma, mai hawa zai ga tsakar gidan maƙwabta, sai an yi sallama an sanar. Wurin dabino shi ne kusurwa mai faɗi ko ƙofar gida, guda ɗaya ko biyu, ba jeri a lungu ba.

Darbejiya, wadda wasu ke ce wa maina ko dogon yaro, ba ta cikin sirara, amma dole a ambace ta don ita ce ke rayuwa inda sauran suka gaza. Daga Indiya ita ma ta zo, ta shigo ta Barno a 1928, kuma da ita aka kafa shingayen iska na kwarin Majiya a jihar Tawa ta Nijar tun daga 1975. Inuwar gaske tana wurinta. A dasa ta a waje, gaban gida, nesa da katanga da kamar mita 4 ko 5. Masu ƙoƙarin matse ta a lungu suna yi mata aski duk shekara, wahala kawai suke saya, saiwar ba ta san an aske kai ba. Haka ita ma mai rassa hawa-hawa kamar lema, wadda ake kira satalayit, 'yar Madagaska: kyakkyawa ce, amma faɗi take yi, saiwarta kuma a sama-sama take tafiya tana ɗaga intalok.

Akwai wata hanya da masu ƙaramin ƙarfi suka daɗe da sani, ba su jira kowa ya faɗa musu ba. Zogale. A shekara ɗaya ya kan kai mita 3 ko 4, ba ya neman ruwa sosai, saiwarsa ƙasa take nutsawa, ga miya ga kwaɗo. Ganyensa ba shi da duhun da zai rufe taga ruf, kuma itacensa ba ƙwari, amma idan ana datse kansa yana cika. Gwanda ma haka, siririya ce mai saurin ba da 'ya'ya, sai dai shekara 3 ko 4 ta gaji. Ni na fi ganin amfaninsu a matsayin masu riƙon ƙwarya: ka sa su tsakanin 'yan maskared, su ba ka abinci da ɗan rufi kafin manyan su taso, sannan ka cire su.

Saboda haka da mutum ya tambaye ni, tambayoyi biyu nake mayar masa. Me kake so bishiyar ta yi maka, kuma daga ina ruwanta zai fito a watan Maris? Mai neman sutura a lungu, yana da rijiya ko famfo mai zuwa, maskared. Mai neman sutura ba shi da ruwa, ya ƙara wa katanga bulo ko ya ɗora raga ya sa mai yaɗo, ya dasa zogale, ya huta da baƙin cikin kallon bishiya na bushewa a tsaye. Mai neman inuwar zama, darbejiya a ƙofar gida ko mangwaro mai aure idan tsakar gidan ta kai. Mai neman abin da jikoki za su ci, dabino a kusurwa.

Ƙanena yana da rijiyar burtsatse, don haka muka tsaya a kan maskared guda 6. Ga yadda muka yi. Mun jira sai da damina ta zauna a ƙarshen Yuni, ba ruwan farko mai yaudara ba. Muka ja layi mita ɗaya daga katanga, abin da ya bar mita ɗaya da 'yan kai zuwa bangon ɗaki, muka tsallake wajen sokawe da mita 3 cur. Kowane rami tsawon hannu a zurfi da faɗi. Da muka haƙa sai muka tarar da abin da ke ƙarƙashin yawancin sababbin gidaje: fasassun bulo, busasshen siminti, ledoji. Duk muka kwashe, muka cika da ƙasar gona da aka cuɗa da ruɓaɓɓen kashin awaki. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi, kuma yana kiran gara. Ba mu ɗauki manyan dashe masu kai wa kafaɗa ba, ko da yake su ne suka fi ɗaukar ido, don saiwarsu ta riga ta nannaɗe a cikin leda, wasu ma ta huda ta shiga ƙasa an tsinke ta. Masu tsayin gwiwa zuwa ƙugu muka zaɓa. Aka yanke ledar da reza ba a fasa ƙasar ba, aka dasa daidai zurfin da suke a da, aka yi wa kowace ɗan kwano na ƙasa don riƙe ruwa, aka barbaɗa toka a kewaye saboda gara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, don haka kowace muka kafa mata sanda ta gefen gabas, muka ɗaure da tsumma sako-sako, ba da waya ba.

Ɗaya ta mutu a cikin hunturu, ta can ƙarshen layi inda tiyo ba ya kai wa sai an ɗauki bokiti. Ya maye gurbinta da wata, ya kuma ƙara tsawon tiyon. Sauran biyar ɗin yanzu sun kai kafaɗarsa, zogalen da ke tsakaninsu ya riga ya leƙa saman katanga, kuma matarsa ta fara tsinkar ganyensa tun kafin azumi.